Maganar abin da ya faru a fili ranar Asabar

Koci: Assalamu alaikum iyayenmu. Na so in bari sai mun haɗu, amma shugaban makarantar da ke ba mu aron fili ya kira ni ɗazu. Ya ce in aka sake irin na ranar Asabar, mu nemi wani wurin. Ga waɗanda ba su zo ba: ana dab da tashi muna 1-1, baƙi suka yi doguwar jifa, yaronsu ya karɓa a bayan masu tsaron bayanmu ya zura. Rafali ya nuna tsakiya. Wasu daga cikinmu suka shiga fili, aka fizge usur daga hannunsa, aka zagi mahaifiyarsa. Wasa bai ƙare ba. Ban kira sunan kowa ba, shawara nake nema.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam Koci. Shi ya sa yaran nan suka dawo min ko abinci ba su nema ba. Na tambaye su an ci ku ne, suka ce "ba a gama ba, manya sun yi faɗa."

Baban Khalifa: Ba sai an ɓoye suna ba Koci, ni ne na fara shiga, kowa ya gan ni. Zagin uwa dai ba daga bakina ya fito ba, wanda ya yi ya san kansa. Amma satar gida ce ƙiri-ƙiri. Yaron yana tsaye shi kaɗai kusa da gola kamar mai jiran mota. Sai mu naɗe hannu a cuce mu a gidanmu?

Baba Rafali: Baban Khalifa, ɗana, bari in fara da dokar kafin a zo kan hali. Ina wurin, jikana ne mai lamba 4. Babu satar gida a ƙwallon da aka karɓa kai tsaye daga jifa. Haka bugun gola, haka kwana. Waɗannan ukun doka ta 11 ta cire su, kuma tun ina busa usur haka take. Ko yaron ya je ya jingina da turken raga ne, in dai daga hannun mai jifa ta zo masa, ci ne halattacce. Rafalin nan bai yi kuskure ba. Mu ne muka taru mu goma sha muka yi kuskure da babbar murya.

Baban Khalifa: Baba, da girmanka, ni ban taɓa jin wannan ba.

Baba Rafali: Ba kai kaɗai ba ne. Rabin masu ihu a gidan kallo ba su sani ba. Amma ka ɗauka ma ya yi kuskuren. Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru a wasa shi ne ƙarshe. Ba ta ce sai in ya yi daidai ba. Kuma ku dubi wanda muka taso wa. Ɗan sakandare ne, bai fi shekara 17 ba, ba shi da masu tuta, shi kaɗai yake bin yara 22 a rana tsaka saboda kuɗin mota. Ni na tsugunna na taya shi tsince katunansa daga ƙasa. Hannunsa rawa yake yi, ya kasa ma sa su a aljihu. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Baba, wallahi daga jifa ce." Irin waɗannan yaran su ne za su busa gasar ƙasa nan da shekara goma, in ba mu kore su ba.

Maman Sadiq: Ni ban san dokar ƙwallo ba, ɗana na sani. Sadiq ne a raga. Kafin ma a shiga fili, wani daga cikinmu ya ɗaga murya ya ce "wannan golan kwando ne, a cire shi." Ya ji. Da hayaniya ta tashi sai na neme shi na rasa, ashe yana bayan ajujuwa ya cire safar hannunsa ya zauna a kansu. Jiya da yamma lokacin atisaye ya yi, ya ce cikinsa na ciwo. Lafiyarsa ƙalau, ni ma'aikaciyar jinya ce. Yaron da a da sai na ɓoye takalmin kafin ya yi aikin gida.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki Sadiq. Ki gaishe min da shi, ki ce Hassan ya ce ƙwallon da ya ture a zagayen farko ba kowa zai iya ba.

Baban Yusuf: Tunda an buɗe maganar. Ku lura da yaranmu in ƙwallo ta zo ƙafarsu. Akwai kusan huɗu da kafin su taɓa sai sun waiga gefen fili. Koci yana cewa ba da, uba yana cewa buga, yayan wani yana cewa yanka shi. Yaro ya tsaya, a ƙwace. Sannan a ce ba shi da kai.

Koci: Wannan ita ce babbar matsalata, ta fi ta rafali. Mako guda muna koyon fita da ƙwallo daga baya a ƙasa. Ranar wasa ƙwallo na zuwa wa mai tsaron baya sai a ji "fitar da ita!" daga baki biyar. Ya ɗaɗa ta sama, ta dawo mana. Yaro ba zai saɓa wa babansa ya bi ni ba, kuma ban so ya saɓa ɗin. Don haka ku ne za ku taimake ni.

Baban Khalifa: Ku yi min adalci. Kuna magana kamar wasan langa ake yi a dandali. Ni kuɗi nake kashewa. Takalmi, riga, kuɗin wata, adaidaita zuwa da dawowa. Yaron nan Allah ya ba shi ƙafa, kowa ya shaida. In wani mai neman 'yan wasa ya zo ya tarar kullum ana cin mu fa? Ahmed Musa daga irin wannan filin ya fito a Jos, yau unguwa guda ke ci a ƙarƙashinsa. Laifi ne in so wa ɗana haka?

Kawun Amir: Yaya, ba laifi ba ne, amma duba lissafin. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar. Duk da haka da VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya buga musu, domin dokar FIFA ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin wannan shekarun, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Khalifa shekararsa 12. Babu wani ejan na gaskiya da zai ɗauke shi ko ya bar shi saboda 2-1 na ranar Asabar. Wanda zai zo maka yanzu da maganar Turai, kuɗin biza zai karɓa ya kashe waya.

Baban Nura: Gaskiya ta hito. Ni a Maraɗi na san gidajen da aka saida gona saboda irin waɗannan mutane.

Baban Khalifa: To na ji ta jifa. Amma mai lamba 9 ɗinsu fa? Wannan ɗan shekara 13 ne? Yaron da ke da gashin baki? Da ya ture Khalifa sai da ya yi taku uku a sama. Kuna ta maganar ladabin iyaye, su da suka kawo ƙato cikin yara ladabi suka yi?

Maman Sadiq: A nan kam ina bayanka. Haɗari ne ma, ƙashin yaro bai gama ƙwari ba.

Koci: Na yi wa kocinsu magana kafin a fara, ya nuna min takarda. Iyakar abin da zan iya ke nan. Amma tunda an taɓo nan, ku gafarce ni, zan faɗi abin da ke raina. A cikin wannan zauren, iyaye uku sun same ni a keɓe kan in rubuta wa 'ya'yansu shekarun da ba nasu ba. Ɗaya har da takardar rantsuwa ta kotu ya zo, sabuwa fil, an zabge shekara biyu. Ya ce ai kowa haka yake yi, "shekarun ƙwallo" daban, na gida daban. Na ƙi. Ba zan faɗi ko su waye ba ko an matsa min.

Maman 'Yan Biyu: Tofa. Zaure ya yi tsit.

Baba Rafali: Madalla da ka faɗa. Ni a wurina wannan ya fi shiga fili muni, domin shiga fili fushi ne na minti biyar, wannan kuwa zama ake yi a shirya shi, a kuma koya wa yaro ya haddace ranar haihuwar ƙarya. Kuma ƙasar nan ta sha kunya a kansa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda shekarun wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta a baya, aka kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, Fotugal ta karɓa. Daga 2009, lokacin da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan, har filin Sani Abacha aka buga wasanni, aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI. In ƙashin ya gama haɗewa, an sallame ka, ko takardarka ta ce jiya aka yi sunanka.

Baban Nura: Baba ka tsaya nan, sauran nawa ne. 2016! Najeriya na riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, ta ci 2013 ta ci 2015. Ana gab da wasa da mu aka yi gwajin, yara 26 suka faɗi. Kun ci mu 1-0 a Abuja, muka ba ku 3-1 a Yamai. Mu muka tahi Gabon, daga nan muka wuce Indiya a 2017, karon farko da Nijar ta je kofin duniya. Ina da hoton a waya in ana so.

Baban Yusuf: Alhaji, kullum sai ka samu hanyar kawo wannan 3-1 ɗin. Ko maganar farashin gero ake yi.

Baban Nura: Abin da mutum ke da shi yake tallatawa. Ku kuna da biyar, 1985, 1993, 2007, 2013, 2015, ku bar mu da namu guda.

Maman Sadiq: Ku dawo kan magana don Allah. Ni tambayata, yaron da aka rage wa shekara biyu ya zo ya danne wanda ke kan shekarunsa na gaskiya, wa aka cuta? Ɗan maƙwabcinka ka cuta, wanda zai zauna a benci. Shi ma naka ka cuce shi, don yana ganin ya iya alhali ƙanana yake turewa. Ran da ya haɗu da sa'anninsa sai a ce an yi masa asiri.

Kawun Amir: Bari in faɗi yadda ake yi a inda nake, ba don sun fi mu hali ba. Wallahi iyayen Ingila ma 'yan rigima ne, na ga uwa tana bin rafali har wurin ajiye motoci. Saboda haka ne hukumar ƙwallonsu ta FA ta fito da shirin Respect a 2008. Abin da ya fi aiki a ciki ba wa'azi ba ne, igiya ce. Ana kafa 'yan turaku a ja igiya taku kaɗan daga layi, a gefe ɗaya. Iyayen ƙungiyoyin biyu duk a bayanta suke, koci da 'yan canji a ɗaya gefen, ba mai tsayawa bayan raga. A Nuwamban 2022 kuma suka yi wani ƙarshen mako na ƙasa baki ɗaya da aka roƙi iyaye su yi tafi kawai, ban da magana. Na kai ɗana wasa a irin wannan rana. Abin da ya ba ni mamaki, ashe yaran suna magana da junansu a fili, "bar min", "bayanka", "ina nan". Da ba a jin su.

Maman 'Yan Biyu: Shiru? Mu? Kawu, ka daɗe ba ka zo gida ba. Ni in Hussaini ya ɗauko ƙwallo ban san lokacin da nake guɗa ba.

Kawun Amir: Guɗa ai ba umarni ba ce Hajiya, ki yi abinki. "Buga!" da "cire shi!" ake gudu.

Baban Khalifa: Igiya kamar awaki. Mu da kuɗinmu a ɗaure mu. Turawa suna da filaye da ciyawa da albashin rafali, mu a kan burji muke. Kowa da irin nasa. Ƙwallo ba zafi ai ba ƙwallo ba ce.

Kawun Amir: Yaya, a Holan akwai ciyawar. A Disamban 2012, a garin Almere, wani uba mai suna Richard Nieuwenhuizen ya riƙe tuta kyauta a wasan yara, ɗansa ma yana cikin masu bugawa. Bayan an tashi, 'yan ɗaya ƙungiyar, yara 'yan 15 da 16, suka rufe shi da duka. Washegari ya mutu, yana da shekara 41. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure har da mahaifin ɗaya daga yaran, shekara shida. Ƙasar gaba ɗaya ta dakatar da wasannin 'yan sa-kai a makon da ya biyo. Ba ina cewa mun kai can ba ne. Amma ranar Asabar, a bidiyon da aka turo min, bayan manya sun shiga, na ga yaranmu biyu sun bi baya, ɗaya ya duƙa ya ɗauki dutse.

Koci: Na gani. Na karɓe shi a hannunsa. Na yi magana da shi da mahaifinsa.

Malam: Ina bin ku tun ɗazu, ina aji ne. Baban Khalifa, zafin da kake faɗa ba a hana ba, son ɗa ne, Allah ya sa wa kowa. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Wanda kuma ya zagi mahaifiyar yaron nan, haƙƙi ne a kansa, ba ya faɗuwa don an tashi daga wasa. Baiwar Allah tana gidanta ba ta san ana yi ba. Ba sai ya bayyana kansa a nan ba, ya san hanyar da zai bi.

Baban Nura: Malam ya ambaci kokowa. Mu can gasar takobi tun 1975 ake yin ta, Tawa aka fara. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma. Ka ga ƙato an kada shi gaban dubban mutane da makaɗansa, ya tashi ya kakkaɓe ƙasa ya rungumi wanda ya kada shi. Ba wai ba a gardama ba, ana yi sosai, har a kan alƙalai. Amma wannan rungumar yara na ganinta a talabijin duk shekara.

Baba Rafali: Namu yaran kuma me suke gani? Ni masoyin Pillars ne tun kafa ta a 1990, na yi murnar kofin 2008 da ukun nan a jere, 2012 zuwa 2014. Amma a 2022 rikici a fili ya jawo mata tara da zabge maki, ƙarshen kaka Masu Gida suka faɗa rukuni na biyu. Waɗanda suka yi ta'asar suna ganin ƙungiya suke karewa. Yawancinsu a irin filinmu suka koyi cewa in ba ka yarda da hukunci ba, ka shiga.

Baban Yusuf: Ina da ƙorafi ɗaya, kuma ga Koci ne. Yusuf bai fasa atisaye ba, amma wasa uku ke nan bai taɓa ƙwallo ba. Ban taɓa ɗaga murya ba. Sai na lura 'ya'yan masu ɗaga murya su ne ba a cirewa. In haka ne, Koci, kai ma kana koya mana cewa ihu na biya.

Koci: Baba, maganarka ta shige ni. Akwai gaskiya a ciki, wani lokaci ina barin yaro a fili don gudun abin da zai biyo baya a gefe. Ga abin da nake ba da shawara, ku gyara. Duk yaron da ya zo atisaye zai buga aƙalla rabin zagaye, ko ana cin mu. Za a ja igiya a gefen bishiyoyin darbejiya, iyaye duka can, ba kowa bayan raga. Kyaftin kaɗai ke yi wa rafali magana. Mai ƙorafi a kaina ya bari sai washegari ya kira ni. Sabon yaro kuma sai da takardar haihuwa ta asali da katin sakamakon makarantarsa, in ga ajin da yake.

Maman Sadiq: A ƙara da gaisawa. Bayan an tashi yara su yi layi su gaisa, mu ma iyaye mu gaisa da nasu iyayen. Kuma in an kawo fiyawata a raba har da baƙi da rafali. Ranar Asabar a gabansu aka sha.

Baban Khalifa: Rabin zagaye ga kowa ban yarda ba. In wasan kofi ne fa? A fitar da mu don a faranta wa kowa? Ku rubuta cewa ban yarda ba.

Baban Yusuf: An rubuta. Ni kuma na yarda. A ƙirga.

Maman 'Yan Biyu: Wanda ya tsallake igiya me za a yi masa? Kar a ce za a hukunta ɗansa, yaro ba ruwansa.

Baba Rafali: Uban ne zai zauna a gida wasa biyu, yaro ya zo da yayansa ko ya biyo maƙwabci. Kuma kowane wasa a sa mutum ɗaya daga cikinmu ya tsare igiyar, don Koci ba zai iya tsawata wa sa'an babansa ba. Ni ina ba da shawarar Baban Khalifa ya fara. Muryarsa ta fi ta kowa kaiwa.

Baban Khalifa: Baba, wannan tarko ne.

Baba Rafali: Tarko ne mana.

Koci: Saura maganar rafali. Ya turo min cewa ba zai sake busa mana ba, kuma kuɗinsa na ranar ma bai tsaya karɓa ba. Na san gidansu. Ina so mu je mu uku ko huɗu gobe bayan la'asar, mu ga mahaifinsa. Usur ɗinsa ma ban san hannun wanda yake ba.

Malam: Zan je in sha Allah.

Baban Khalifa: Usur ɗin yana motata. Ku same ni a bakin masallaci, sai mu tafi a ciki. Amma maganar mai lamba 9 ba ta mutu ba Koci, in za a sake wasan a zo da katin makarantarsa.

Koci: Zan gaya wa kocinsu, shi ma zai nemi namu, kowa ya shirya. Wa ke da igiya mai tsawo, ko a cire daga kuɗin wata?

Baban Nura: Akwai ta ɗaurin kaya a shago, turakun ne babu. A tambayi mai walda na bakin titi ko yana da guntayen rodi.